Mai Waldar da Ke Shiga Kejin Kare

Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilu na 2025, wadda ta faɗo cikin watan Shawwal, Malam Yahuza mai walda ya riga mu gidan gaskiya, a gidansa da ke Gusau, bayan jinyar mako uku. Shekarunsa hamsin da takwas. Ya bar matarsa Saude da 'ya'ya biyar, da rumfar walda a bakin hanyar da ta nufi Damba. An kai shi makwancinsa bayan la'asar, cikin zafin da ya sa masu haƙa kabari suka riƙa karɓar juna.

Yahuza, ranar addu'ar uku yayanka Alhaji Muktar ya ja ni gefen rumfar makoki. Ka san shi da kama gwiwar hannun mutum in zai sa shi abin da bai dace ba. Ya ce, "Malam Abubakar, kai ad da alƙalami cikinmu. Ka rubuta muna wani abu bisa marigayi, a buga, a raba ma jama'a. Ka hwaɗi ƙyamaren masallatan da yay yi, da tagogin makarantu. Amma maganar karnukan ga, don Allah a bar ta. Muna da surukkai."

Na ce to. Shekara talatin da biyar na yi a aikin gwamnati ina cewa to, har bakina ya iya faɗar ta ba tare da ya nemi shawarata ba. Abin da ake so in yi shi ne in wanke ka daga aikin da ya fi kowanne kyau a rayuwarka, don kada surukan Alhaji Muktar su ji kunya. Wannan da nake rubutawa yanzu ba ita ce ta'aziyyar da aka sa ni ba, kuma da karnukan zan fara.

Shekara goma sha biyu ke nan da na fara kiranka gidana a Damba. Lokacin ne tsoro ya shiga gari, kowa ya ƙara wa katangarsa tsawo, mu da ba mu taɓa yarda inuwar kare ta gifta ƙofar gidanmu ba muka shiga sayen karnuka. Kuma ba karen gida muka so ba, mai gajeren gashi da ya san bazarar Zamfara. Karen Turawa muka so, mai gashi kamar bargo, don maƙwabci ya gani. Nawa daga Jos aka kawo mini shi, baƙi wuluk, na sa masa suna Duna. Na ce ka yi mini keji, na kuma faɗa maka yadda nake so: rufin kwano, a toshe gefe uku da farantin ƙarfe don kada baƙi su gan shi, a ajiye shi bisa siminti a jikin katangar yamma, can nesa da inda mutane ke zama. Ka yi daidai yadda na ce, domin a lokacin kai ma mai walda ne kamar kowane mai walda.

Maigadina mutum ne mai kiyaye tsarkinsa, ba ya zuwa kusa da kwanon da kare ya sa baki. Da safe yakan tsaya daga nesa ya watsa ruwa da bokiti, abin da ya faɗa cikin kwanon ƙarfen shi ne rabon Duna har gobe. Kafin azahar ruwan ya isa a haɗa shayi da shi. Ni kuwa ina ofis ƙarƙashin fanka ina sa hannu a takardu. A mako na uku na Afrilu aka wayi gari, aka yini, da la'asar aka tarar da karen a miƙe. Maigadi ya ce ɓarayi ne suka jefo masa guba ta kan katanga, ni kuma na karɓi maganar hannu bibbiyu, don ba ta ɗora wa kowa laifi a cikin gidan ba. Har masallacin unguwa na kai labarin, aka yi ta jajanta mini.

Kashegari na kira ka ka sa mini tsinin ƙarfe a kan katanga. Ka zo wajen ƙarfe biyu na rana. Ba ka dubi katangar ba, kejin ka tsaya kana kallo. Sai ka cire hularka ka miƙa wa maigadi, ka tuɓe takalmi, ka durƙusa ka shiga, ka ja ƙofar. Na ce, "Malam Yahuza, lafiya?" Ka tsuguna abinka. Na tsaya a inuwar baranda ina kallon magidanci a tsugune inda kare ya mutu jiya, ina tunanin ko zafin wutar walda ne ya taɓa maka kai. Ba ka kai minti goma ba ka fito, rigarka ta manne da bayanka, tafin ƙafarka ya yi ja.

Ka ce, "Malam, ba a ba karen ga guba ba. Ni da kai munka gasa shi."

Ban taɓa jin an gaya mini magana haka ba tun da na zama mutum, kuma ban ji daɗinta ba. Na sallame ka a ranar ba tare da tsinin katanga ba.

Daga wannan rana ba ka sake yin keji irin na kowa ba. Ka je wurin likitan dabbobi ka zauna a benci kamar ɗalibi, ka tambaya aka gaya maka. A wurinka na fara jin cewa kare ba ya yin gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, don haka in iskar da yake shaƙa ta fi jikinsa zafi, ba shi da sauran dabara. Ka kama wannan magana ɗaya ka gina sana'a a kanta. Duk wanda ya zo neman keji, ba ka taɓa ƙarfe sai ka je gidansa da tsakar rana ka ga inda inuwa ke tsayawa. Ka ɗaga rufin sama ka bar tazara, ka shimfiɗa zana bisa kwanon. Ka bar gefe huɗu a buɗe da sanduna don iska ta ratsa. A ƙasa katako ko yashi, ban da siminti. Kwanon ƙarfe ka yi sallama da shi, ka koma sayen kasko mai faɗi wurin Inna Dije, wata tsohuwa mai ginin tukwane a Bungudu, don ruwa ya fi daɗewa da sanyi a cikin yumɓu. Ka yi masa zoben ƙarfe kada kare ya kifar.

Abin da ya fi burge ni shi ne bututun. Ka lura cewa wa'azi ba zai sa maigadi ya taɓa kaskon kare ba, kuma ba ka ga laifinsa ba. Sai ka maƙala bututu daga waje mai mazurari a kai, ya sauka cikin kaskon, yadda mutum zai zuba ruwa sau uku a rana hannunsa bai kusanci yawun kare ba. Mu masu digiri mun shekara muna yi wa masu gadi tsawa a banza, kai da ka tsaya a firamare ka warware abin da guntun bututu.

In ka gama haɗa keji a gidan mutum, sai ka jira azahar, ka cire hula da takalmi, ka shiga ka zauna minti sha biyar. In ka iya zama, ka miƙa aiki. In ba ka iya ba, a sake wuri ko a sake rufi. Kullum da kayan canji a leda a bayan babur ɗinka. Ka wanke jikinka, ka sake tufa, ka bi jam'i. Masu cewa kana yawo da najasa, da yawansu ba su kai ka sanin babin tsarki ba, sai dai sun fi ka rawani.

Wannan shigar kejin ce ta zame maka abin gori. A majalisun Damba aka sa maka suna Sarkin Keji. Dattawa masu furfura, waɗanda aka ba amanar ma'aikatu, in sun hango babur ɗinka sai su ce, "Ranka shi daɗe, ya sabon ɗaki?" a kwashe da dariya. Kai kuma ka ce lafiya lau ka wuce. Ina cikin waɗannan majalisu, Yahuza. Wani lokaci na yi shiru, wani lokaci na yi dariyar tare da su. Ko sau ɗaya ban buɗe baki na ce jama'a, ba guba ce ta kashe Duna ba, mutumin nan gaskiya gare shi. Shekara goma sha biyu ina riƙe da maganar, yau da ba ka ji nake faɗar ta, kuma na san ba ta da sauran wani amfani a wurinka.

Akwai wani darakta a layinmu, ba zan kama sunansa ba, ya san kansa. Ya gina gida ya malale tsakar gidan da intalok tun daga get har bayan gida, ya sare darbejiyar da ya tarar a filin don ganyenta na ɓata masa mota. Ya kira ka ya ce a yi keji a shafe shi da baƙin fenti ya dace da get, a dasa shi kusa da janareta. Ka roƙe shi da ladabi ya cire takalminsa ya tsaya a wurin gwargwadon yadda mutum zai ƙirga goma. Ya dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka ko ka san da wanda kake magana. Ka ce ka sani, shi ya sa ba ka ce ya shiga ciki ba. Ya kore ka, ya ba wani aikin, aka yi masa baƙin keji mai sheƙi.

Karensa na farko bai ga damina ba. Ya sayo na biyu, da ya ga yana haki sai ya sa aka kira wanzami ya aske shi ƙwal, rana ta ƙone masa fata ya yi ta gyambo. Da wannan ya faɗi, sai aka buɗe masa baki aka ɗura masa maganin zazzaɓin mutane. Darakta ya zo majalisa ya bayyana mana, da muryar da yake shugabantar taro, cewa bincikensa ya nuna iskar Gusau ba ta karɓar karen Turawa, kuma akwai hannun masu hassada. Muka gyaɗa kai. Wannan mutum ya zo ta'aziyyarka, ya bar motarsa a kunne a ƙofar gida don kada sanyin cikinta ya gushe kafin ya fito. Ya zauna a kujerar gaba ya ce marigayi mutum ne mai tsantseni a aikinsa. Na dube shi har sai da ya kau da kai.

Ba masu kuɗi kaɗai ke wannan wauta ba, kada a ce na yi son kai. Ka ba ni labarin ranar da ka je Tsafe sa ƙyauren wani shago, ka tsaya a tasha ka ji nishi daga but ɗin wata mota da ke jiran cikon fasinja. Ka matsa wa direba har ya buɗe. Karnukan farauta uku ne a ciki, an cusa su bisa buhunan masara, na wani mafarauci mai suna Sahabi da ya tafi sayen goro. Biyu suka diro, na ukun ya kasa tashi, harshensa a waje, dalala na zuba, dasashinsa ya yi jawur. Ka ja shi ƙarƙashin bishiya, ka tsayar da mai ruwa, ka riƙa zuba masa a ciki da wuya da tsakanin cinyoyi, kana fifita da kwali. 'Yan tasha suka kewaye ka, ba mai miƙo ko moɗa, sai sharhi. Wani ya ce ga ruwan da mutane ke nema ana yi wa kare wanka. Sahabi ya dawo ya iske ka, da farko ya so ya yi faɗa, da ya ga karen ya ɗaga kai sai ya tsuguna kusa da kai ya karɓi kwalin.

Bayan mako biyu ya zo har Gusau ka yi masa akwatin sanduna da ake ɗaurawa a bayan babur, mai rumfar buhu a sama. Ka ce masa ya riƙa fita da sassafe ko bayan la'asar, kuma ya riƙa ɗora bayan hannunsa a ƙasa, in shi bai iya jurewa ba to tafin kare ma ba zai jure ba. Sahabi ya zo jana'izarka daga Tsafe. Ya zauna a ƙarshen tabarma, wurin takalma, domin babu wanda ya matsa masa. Shi kaɗai na ga yana share hawaye da hular kansa. Alhaji Muktar ya bi manyan baƙi yana ba su hannu, da ya iso wurinsa sai ya ɗaga masa hannu daga nesa.

Sai kyanwa, wadda mu a nan muke kira mussa. Ita kam kowa masoyinta ne a baki. Za ka ji mutum yana cewa mai tsarki ce, ko ta sha a butar alwala ba komai. Amma je ka ga abin da 'yan hatsin Bungudu ke yi da ita. Sito ne na kwano sama da gefe, ba taga, a jefa kyanwa ciki don ɓera, a garƙame da kwaɗo, a tafi cin kasuwar ƙauye kwana biyu. Ba a ajiye mata ruwa, wai in ta ƙoshi ba za ta yi farauta ba. Ka taɓa zuwa gyaran ƙyauren wani sito ka tarar da ɗaya a bayan buhuna, baki buɗe tana haki kamar kare, kuma likita ya riga ya gaya maka cewa kyanwa in ta kai ga haka ta kusa. Ba ta tashi ba.

Tun daga nan duk ƙyauren sito da ka yi sai ka yanke masa 'yar kafa a ƙasa, daidai wucewar kyanwa, ka goge bakinta kada ta yanke ta. Wasu suka ce ka buɗe wa ɓera hanya, kamar da can ɓera izininsu yake jira. Wani ɗan kasuwa da ya je Makka sau huɗu ya sa aka toshe tasa da gwangwani tun kafin ka bar garin. Amma wasu sun bari, har suka ajiye kasko a bakin ƙofa, kuma yau in ka bi layin sitocin za ka gane ƙyamarenka ba sai an nuna maka ba. Tun muna yara malamai suka karantar da mu makomar wadda ta kulle kyanwa da ladan wanda ya shayar da kare. Kowa ya haddace, ana tambaya a jarrabawar Islamiyya a ci. Kai kaɗai na sani da ya ɗauka cewa da mu ake.

A gidanka ma haka abin yake. Duk wanda ya shiga da rana zai ga kyanwoyin unguwa a miƙe bisa jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randunan Saude, ga kaskonsu a gefe. Ba naku ba ne, ba ku sa musu suna ba. Sun dai gano gidan da ba a korarsu in rana ta take.

Abin da ya fusata danginku shi ne hoton. Shekara uku da suka wuce wani mara aikin yi ya ɗauke ka a waya kana tsugune cikin keji a wani gida, gemunka da furfura, hannunka riƙe da sanduna. Kafin magariba hoton ya zaga Gusau, har da masu ƙara masa rubutu. Alhaji Muktar ya tara 'yan uwa a gidansa. Ya ce gidanku gidan malamai da ma'aikata ne tun kakanni, ba a taɓa jin wani ya zubar da shi haka ba. Ya ce zai nemo maka aikin tagogin makarantu da zai ishe ka, in dai za ka bar harkar karnuka. Kai da kanka ka gaya mini amsar da ka ba shi, kana dariya. Ka ce, "Yaya, tagogin ma ina so, Allah shi saka. Amma in na bar kejin, wani za shi yi, kuma shi ba ya shiga." Daga ranar ba a sake kiranka ɗaurin auren gidansa ba sai dai ka ji a gari.

To, na koma kan to ɗin da na ce. Na zauna na rubuta abin da Alhaji Muktar ya nema, shafi biyu cif. Na kira ka injiniya. Na lissafa ƙyamaren masallatai tun daga Kwatarkwashi har Kekun Waje. Na ce kai mai haƙuri ne, mai zumunci, mai son jama'a, irin kalmomin da in an cire suna za su dace da kowace gawa. Babu kare, babu kyanwa, babu keji. Na karanta na ga ta yi kyau, kuma wannan ya kamata ya tsorata ni.

Ranar bakwai, wajen sha biyun rana, na kai ta gidanka don a ji kafin a buga. Aka shigar da ni tsakar gida. Saude tana cikin ɗaki a takaba, labule tsakaninmu. Alhaji Muktar yana kan kujera riƙe da wayarka, domin shi ke amsa masu kiran ta'aziyya, kuma yakan buɗe muryar don kowa ya ji irin manyan da ke kira. Na fara karatu, yana gyaɗa kai. Na kai tsakiyar shafin farko sai wayar ta yi ƙara, ya ɗaga mini hannu, ya buɗe murya.

Mace ce, numfashinta sama-sama. Ta ce, "Salamu alaikum. Nan na wurin mai kejin kare? Daga Tsahe nike. Anka ba ni lambar ga. Karenmu ya hwaɗi, sai haki shikai, maigidan ba ya nan."

Alhaji Muktar ya dube ni, ya dubi labule. Ya ce, "Baiwar Allah, kin yi kuskuren lamba."

Sai hannu ya fito ta gefen labulen. Saude ta ce, "Yaya, miƙo wayar."

Bai miƙa nan take ba. Hannun bai koma ba, shi kuma ya rasa yadda zai yi da matar da ke takabar ƙaninsa a gaban baƙo. Ya miƙa.

Na ji muryarta daga ciki, ba gaggawa, ba rawa. Ta ce, "Nan na, ba ki yi kuskure ba. Kwance shi daga sarƙa ki ja shi inuwa yanzu. Ɗebo ruwan randa ki zuba mai ga ciki da wuya da cinyoyi, ki yi ta zubawa, ki sa a yi mai hihita. Kar ki luhe shi da buhu ko da jiƙaƙƙe na. In ya ɗaga kai ki aje mai ruwa kaɗan shi sha da kainai, kar ki ɗura mai. Kar ki ba shi maganin mutane. Da ya samu sauƙin haki ki nemi mai babur a kai shi ga likitan dabbobi, ko kin ga ya tashi." Matar ta ce ko za a ba ta Malam ɗin. Saude ta ce, "Mai shi ya rasu, yau kwana bakwai. Je ki ga karenki."

Saude ta kashe wayar. Can sai ta ce, "Malam Abubakar, ida karatunka."

Na ida. Ban taɓa karanta abin da ya yi mini nauyi a baki kamar wannan shafi da rabi ba. Da na kai ƙarshe, Alhaji Muktar ya yi gyaran murya ya ce madalla, haka ake so.

Sannan Saude ta ce, "Wanga mutum da ka karanto, Allah shi jiƙan shi, da alama mutumin kirki na. Amma ni ban san shi ba. Nawa mijin da warin ƙarhe da na kare shika dawowa gida, kuma ni ka wanke kayan shekara goma sha biyu, ban taɓa jin kunya ba. In za ku rubuta shi ku rubuta shi. In ba ku iyawa ku bar min shi."

Ni kuwa ban ce to ba, karo na farko a rayuwata da aka yi magana a gabana ban ce ba. Na ninke takardar na sa a aljihu na fita. Ga shi na rubuta ka, Yahuza, gwargwadon yadda matsoraci zai iya rubuta wanda ba ya tsoron dariyar mutane.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Saude, wadda ta fi mu duka sanin wanda aka rasa, da 'ya'yanku Yazid da Hadiza da ƙannensu, Allah ya ba su haƙuri, ya sa kada wata rana su sunkuyar da kai in an ambaci sana'ar ubansu. Ina yi wa Sahabi na Tsafe da Inna Dije ta Bungudu ta'aziyya. Ina yi wa Alhaji Muktar ta'aziyya, domin ƙaninsa ne ciki ɗaya, kuma na san rashin ya taɓa shi ta inda surukai ba sa gani.

Allah ya gafarta maka, Yahuza, ya yafe kurakuranka, har da keji na farko da ni na sa ka yi. Allah ya yalwata kabarinka, ya sanyaya shi, ya shayar da kai a ranar ƙishirwa. Ya sa ka cikin inuwarsa a ranar da rana za ta sauko kusa da kawunan mutane, ranar da mu masu dariya a majalisa za mu tsaya ba takalmi, kuma ba wanda zai ce mana ƙirga goma kawai za mu yi. Amin.

Abubakar Sadiƙ
Damba, Gusau